Baba ya ƙarar da inhela cikin mako uku, injin tururi zan saya ko sifesa?

Ummu Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka. Mahaifinmu shekararsa 69, yana da fuka, taba kuma ta lalata masa huhu, emfisima likita ya kira ta. An rubuta masa Ventolin shuɗi da ƙwanson Spiriva ɗaya kullum. Shuɗin mako uku ya yi masa, hannunsa sai karkarwa. Kuɗin abu ɗaya gare ni. Wanne zan saya, injin tururi (nebulaiza, mai mayar da magani hayaƙin shaƙa) ko sifesa?

Ɗan Misfala: Wa alaikumus salam. Habbatussauda da zuma, Hajiya, safe da yamma.

Nas Jidda: Malam, zuma ba ta buɗe hanyar iska. Hajiya, fesa 200 ne a gwangwanin, mako uku kenan kusan goma a rana. Wannan ya isa dalilin komawa wurin likita a makon nan. Karkarwar daga salbutamol ce, maganin da ke cikin shuɗin, yawansa har bugun zuciya yake sawa. Sifesa za ki saya, robar nan mai kama da gora. A girgiza inhela, a jona, ya fitar da numfashi, a danna sau ɗaya tak, ya ja a hankali ya riƙe daƙiƙa 10. In ba zai iya riƙewa ba, ya numfasa sau biyar a ciki. A jira rabin minti kafin na biyu. Spiriva fa, ya yake shan ta?

Ummu Hanifa: Da ruwa, bayan karin kumallo.

Nas Jidda: Subhanallah! Ba a haɗiye ta. Cikin na'urarta ake sa ƙwanson, a danna maɓallin sau ɗaya ya huda, ya zuƙa har ya ji yana kaɗawa, ya sake zuƙa ta biyu. A ciki ba ta amfanar huhu da komai.

Baban Khalil: Ku dai kula da gwangwanin. Wani direba a unguwarmu a mota yake barin nasa, a zafin Makka, alhali bai kamata ya wuce digiri 30 ba. Dare ɗaya abin ya taso, yana dannawa ana jin fuss, ashe magani ya ƙare, iskar turawa ce ta rage. Ya kasa haɗa kalma uku, leɓe ya canja launi. Kwana shida a asibiti, kafil, wato mai gidansa, ya yanke masa albashin kwanakin. A rubuta ranar buɗewa a jiki, a riƙa ƙirga. In ya kai ga haka, fesa ɗaya duk rabin minti zuwa minti, har goma, ana kiran 997, lambar motar asibiti.

Ɗan Misfala: Allah ya kyauta. Sifesar ai riyal 120 ce.

Maman Iman: Sittin na gani a Shara Mansur.

Baban Khalil: Shi a gindin hasumiyar agogo ya tambaya, har da kuɗin kallo.

Ɗan Misfala: Ku yi dariya. Nas dai ba likita ba ce, masu fuka nawa injin tururi ya cece su?

Na Saidaliyya: Ɗan uwa, salbutamol ɗin ne dai ake zubawa a injin, sifesa in an iya ta aikin kusan ɗaya ne, ga ta tana shiga aljihu. Hajiya, ki kwashi duk magungunansa ki nuna wa likita. Propranolol da ɗigon ido na timolol suna tsuke hanyar iska, wasu masu fuka kuma ibuprofen da asfirin na tayar musu.

Maman Iman: Duk wannan, turaren wuta fa? Mai ciwo na kwance, an rufe taga, an kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ana zuba bakhur. Ka yi magana a ce ka raina baƙi.

Baban Khalil: Faɗa wa matan gidanmu. Ni ta'amin ma, wato inshora, ya fi ba ni haushi, wa ya taɓa samu sun biya masa sifesa?

Ummu Hanifa: To ƙwanson da ya riga ya haɗiye fa?