Bakin salansar ƙaramin jirgi: ta gefe ko ta ƙasa?

Sani_Agege:
Salamu alaikum jama'a. Ƙaramin jirgin sama nake haɗawa mai kujera biyu a garejinmu nan Agege, da zanen Zenith CH 701, inji Rotax 912 mai ƙarfin doki 80. Na zo kan salansa na tsaya cak. Ƙafar tayar gaba ta tare tsakiya, mai waldana ya ce kawai mu huda murfin inji ta gefen dama bututun ya leƙo, wai ya fi gajarta kuma ya fi kyan gani. Ni dai hankalina bai kwanta ba sbd ƙofa na nan kusa. Dan Allah masana ta ina ya dace hayaƙin ya fita?

Injiniya Bala Ikeja:
Wa alaikumussalam ƙanina. Kar ka yarda da gefen nan ko kaɗan. Iskar da farfela ke turowa ba miƙewa take yi ba, murɗawa take tana zagaye jikin jirgin, duk abin da ka saki a gefe sai ta kwaso shi ta shafa maka a ƙofa da taga, kuma idan jirgi na tafiya matsin iskar cikin ɗakin matuƙi ya kan yi ƙasa da na wasu wurare a waje, toh duk wata 'yar kafa zuƙowa za ta yi, bakin ƙofa ne, ramin wayar birki ne, har ta can wajen wutsiya hayaƙi kan shiga ya dawo gaba. Abin tsoron shi ne kabon monokisaid, ba ya wari ba shi da launi, kuma jini ya fi kama shi sau sama da 200 a kan iskar oksijin. Daidai da masu kunna janareta a koridor su kwanta, mun sha jin irin wannan a Legas ɗin nan. Sai dai kai a sama kake, ba inda za ka faka ka sha iska.

Ka sauko da shi ƙasa, gefe ɗaya na ƙafar tayar, bakin ya kalli ƙasa ya ɗan karkata baya, kuma ya zarce murfin inji sosai ya rabu da tumbin jirgin, wato ƙasansa ta waje. In ya kwanta jikin tumbin, hayaƙin lafewa zai yi yana bin alminiyon, ga baƙin tabo ga zafi a ƙarƙashin ƙafarka ga ƙarar da za ta riƙa buga dandamalin. Sannan ka duba magudanar mai da tiyon fetur da na birki, kada ɗaya ya kasance a saitin bakin, hayaƙin da ke fitowa daga silinda zafinsa ya kan wuce digiri 700 na Salsiyas.

Usta Garba Owode:
Injiniya ya faɗi gaskiya, ni ɓangaren ƙarfe zan tsoma baki. Malam Sani dan Allah kar a je kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo a yanko bututun salansar mota a liƙa. Sitenles, wato ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, ake sawa, lamba 321 in an samu, don shi ke jure zafi, kuma ka san damshin Legas da gishirin teku, baƙin ƙarfe damina ɗaya ya fara cin tsatsa. Waldar lantarki mai amfani da iskar agon za a yi, ba ta kabaid ba. Kuma kar a walde shi sandar guda tun daga silinda har baki, inji rawa yake a kan robobinsa, dole a bar gaɓoɓi masu zamewa da sifirin ke riƙe su, a zura waya ta cikin kowane sifirin yadda ko ya karye ba zai faɗo ba. Tsagewa kusan kullum daga gefen walda take farawa, in ka ga wani farin toka-toka a wurin to hayaƙi ne ke tsiyaya.

Maman Hanif:
Ni inda na ɗan saɓa da Baba Injiniya shi ne tsawo. Mutane in an ce ya zarce sai su ja bututu kamar za a kai shi wutsiya, nauyinsa ya riƙa lilo har ya tsage, ga lanƙwasa da yawa na danne numfashin inji. Rotax sun rubuta iyakar matsin da salansa za ta iya yi a littafin ɗora injinsu, a karanta shi. Kuma wlh ku sa na'urar gano gubar nan mai ƙara, ba takardar da ake mannawa mai sauya launi in ta ji gubar kawai ba. Ku tuna Emiliano Sala, ɗan ƙwallon da ƙaramin jirgin da ya ɗauko shi, ƙirar Piper Malibu, ya faɗa teku tsakanin Faransa da Ingila a Janairun 2019, da aka gwada jininsa kashi 58 cikin 100 gubar ta kama. A dokar Amurka ma iyakar da aka yarda a ɗakin matuƙi kashi 1 ne na gubar cikin kashi 20,000 na iska.

Sani_Agege:
Allah ya saka da alheri, na fasa gefen. Toh Baba, ya zan tabbatar hayaƙin ya rabu da jikin kafin a kai ga tashi?

Injiniya Bala Ikeja:
Hajiya ta yi daidai, ɗan zarcewa nake nufi, kuma ka sa masa mariƙi mai ɗan sassauci. Gwajin kuwa, samo zaren ulu ka yanka guntu-guntu ka manna da salatif a jikin jirgin ta waje daga bayan bakin salansa har ƙofa, ka ɗaure jirgin da kyau, ka sa wa tayoyi waigi, ka tada inji wani ya tsaya nesa da farfela ya ɗauki bidiyo, za ka ga inda iska ke nufa. Na'urar nan tana ciki a kunne, ka gwada ƙofa a rufe da kuma tagar iska a buɗe. Duk ramin da ke bangon da ya raba inji da ɗakin matuƙi ka toshe da gam mai jure wuta. Amma gwajin ƙasa ba ya nuna komai da komai, lokacin hawa da hanci a sama da gudu kaɗan ne hayaƙi ya fi samun hanya, sai a sake aunawa a nan. Wannan kuma sai NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, sun duba jirgin sun ba ka izini, ka fara zuwa wajensu tun yanzu da hotunan kowane mataki. Turo min hoton ƙasan murfin injin in ga wane gefe ya fi fili.