Kwamfuta ce za ta ce a ƙara keji, ko mai kifi?

Malam Habu: Jama'a ni fa maganar da Injiniya ya kawo jiya ban gamsu da ita ba, wai a Norway lissafin kwamfuta ke yanke inda za a ƙara kejin kifi a teku. Ruwa ai sai wanda ke kwana a bakinsa. Ni da asuba in na ga tarwadata sun taso sama suna haki na san ruwa ya ɓaci, take nake canjawa.

Injiniya: Allah gafarta Malam, tankinka kai kaɗai ke da shi kuma za ka iya zubar da ruwan, teku kuwa wa zai canja shi? Kashin kifi da ragowar abinci da kwarkwatar kifi duk igiyar ruwa ke kwasa ta kai wa na gaba. Shi ya sa tun 2017 suka raba gaɓarsu shiyya 13, ana sa wa kwamfuta tafiyar ruwa da ɗuminsa da gishirinsa da yawan kwarkwatar da aka ƙirga a keji, a haɗa da awon da ake yi a ruwan. In kwarkwatar na kashe ƙasa da kashi 10 na ƴaƴan kifin salmon ɗin da ba na kiwo ba sai a ba shiyyar alamar kore ta ƙara kashi 6 a kan kifin da take kiwo, in ya haura 30 ja ne, a rage kashi 6.

Hajiya Mairo: To Injiniya ina kwamfutar take a 2019 da gansakuka ta kashe salmon kusan miliyan 8 a arewacinsu? wlh tausayin masu kejin nake ji, na san zafin kwashe matattun kifi da kwando.

Injiniya: Hajiya wancan lissafin kwarkwata aka gina shi ya bi, ba gansakuka ba.

Hajiya Mairo: Ai abin da nake faɗa kenan, abu ɗaya yake kallo amma da shi ake yanke wa mutum arziƙinsa, kuma ko kejinka tsaf yake in shiyyarku ta yi ja galibi har da kai.

Injiniya: Nan kam kina da gaskiya, masu kiwon yammacin ƙasar har kotu suka kai gwamnati, sai dai ba su yi nasara ba.

Malam Habu: To na sassauto kan teku. Amma Injiniya waye ke ƙirga kwarkwatar da ake ba kwamfutar?

Injiniya: Masu kejin da kansu, Malam.