Ina da cikin wata biyar kuma ina ɗauke da cutar mitokondiriya, wa zai ba ni shawara?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Don Allah likitoci da ungozoma da ke nan ku taimaka min.

Mahaifiyarmu ta yi fama da ciwon sukari da rashin ji, yayata ma haka. Bara aka yi mana gwajin ƙwayoyin halitta, aka gano muna ɗauke da wani sauyin ƙwayar halitta da ke lalata aikin mitokondiriya (sassan ƙwayoyin jiki da ke samar da kuzari), mai suna m.3243A>G, wanda ake gada ta wajen uwa kaɗai. An ce min kowane ɗa zai iya ɗauka, amma yawan abin da zai ɗauka ya bambanta, shi ya sa ƙanenmu ƙalau yake.

Yanzu cikina ya shiga mako na 22. Likitan da ya gano cutar ya dakatar da ni daga shan maganin ciwon sukari na metformin saboda yana iya tara sinadarin laktik a jini, ya mayar da ni kan allurar insulin. To ga hawan jini ya fara leƙo ni, ƙafafuna na kumbura. Abin da ke hana ni barci shi ne maganin magnesium sulfate da ake yi wa masu jijjigar ciki. Na ji an ce masu irin cutarmu sai an yi taka-tsantsan da shi domin yana ƙara raunana tsoka. Da na faɗa a wurin awo, ma'aikaciyar ta ce ba ta taɓa jin sunan cutar ba.

Idan jijjiga ta taso, me ake yi wa irina? Kuma wace takarda zan nema in riƙe a jaka, ko da naƙuda ta zo da tsakar dare?