Tsakiyar kaina ta fara fili, maganin shafawa na aiki kuwa?

Ɗan Misfala:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 31, ina tsaron shagon dardumai da tasbaha a Misfala, nan Makka. Na jima ina ganin gashi maƙale a cikin hulata, har na yi wata biyar ina shafa man habbatus sauda da man zaitun, ban dai ɗauki abin da zafi ba. Ranar Juma'a na yi Umara na je aski. Kafin wanzamin ya sa aska sai ya ɗaga min ƙaramin madubi ta baya. Wallahi tsakiyar kan nan ta yi fili kamar bakin kofin shayi, fata har ƙyalli take. Ga bikina saura wata huɗu, bayan Babbar Salla.

Na shiga saidaliyya, wato shagon magani, mai shagon ya miƙo min maganin shafawa Regaine mai kashi 5, ban saya ba tukuna. Akwai wanda ya gwada? Kuma da gaske ne ruwan famfon ƙasar nan, wanda ake tacewa daga teku, shi ke cinye mana gashi? Duk abokan ɗakina haka suke cewa.

Direban Jidda:
Wa alaikumus salam ƙanina. Yana aiki, amma ka ji sharaɗin tun kafin ka zaro riyal ɗinka: gashin haya yake ba ka. Ka daina biya, mai gida ya karɓi abinsa.

Ni na fara ina da shekara 36. Mililita ɗaya da safe, ɗaya da dare, a kan fatar kai busasshiya, ba a kan gashi ba. Sati na uku gashi ya riƙa zuba fiye da da, matashin kaina kamar an yi aski a kai. Na kusa jefar da kwalbar. Ashe tsohon gashi ne ke faɗuwa ya ba sabo wuri, kuma bayan 'yan makonni ya tsaya. A wata na huɗu wani laushin gashi ya fito kamar na jariri, wajen wata na shida tsakiyar ta rufe daidai gwargwado. Gefen goshi kuwa, inda ya riga ya ja baya, ko gezau.

Shekara biyu ina kai. Sai na tafi hutu Katsina, kwalba ta ƙare, na ce ai an warke. Kafin wata huɗu duk abin da na tara ya tafi. Yanzu na koma, amma bai dawo kamar na farko ba.

Regaine ɗin na ruwa ya sa min ƙaiƙayi da amosani, ga zafin Jidda, gumi na gangaro da shi goshi. Na koma na kumfa, na samu lafiya. Kuma kar ka shafa ka ɗora hula nan take, bar shi ya bushe.

Ma'aikacin Saidaliyya:
Malam, a bar ruwan famfo ya huta. Zai iya busar da gashi ya sa shi karyewa, amma ba shi ke zana fili a tsakiyar kai ba. Mutanen Kano da ba su taɓa ganin teku ba suna sanƙo. Hula ma ba ruwanta. Gado ne, ta wajen uwa ko ta wajen uba. Jiki na juya wani ɓangare na sinadarin maza zuwa wani da ake kira DHT, shi kuma yana tsuke tushen gashi a hankali, gashin ya riƙa fitowa siriri, gajere, har ya daina.

Sunan maganin da ke cikin Regaine minoxidil. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, sai aka lura masu shanta gashi na fito musu. A 1988 Amurka ta amince da na shafawa mai kashi 2, mai kashi 5 ya biyo baya a 1997. Yana tsawaita lokacin da gashi ke girma, amma bai taɓa DHT ba, shi ya sa abin da ya sami Alhaji direba ke samun duk wanda ya daina. Ƙaiƙayin nan yawanci daga wani sinadari ne, propylene glycol, da ke cikin na ruwan, na kumfa ba shi da shi.

Wanda ke rage DHT shi ne finasteride, ƙwaya mai miligiram 1. Wannan kam sai ka zauna da likitan fata, domin yana rage wa wasu maza sha'awa, kai kuma ango ne. Mace mai ciki ma kada ta taɓa fasasshiyar ƙwayar. In kana da ciwon zuciya, ko ka fara shafawa ka ji bugun zuciya, jiri ko kumburin ƙafa, dakata ka ga likita. Wanke hannu bayan shafawa, kuma in akwai mage a gidan a nisanta ta da shi, yana iya kashe ta.

Wanzamin Jarwal:
Shekara ashirin ina riƙe da kawunan alhazai, bari in sa baki. Masu zuwa su ce in yi musu ƙwal-kwabo duk sati don gashi ya yi kauri, kuɗinsu kawai nake ci. Aska ba ta kai wa tushe. Masu goga tafarnuwa kuma, na ga kan da ya sale har ya yi ruwa.

Ɗana, ka duba da kyau: in filin ya fito ne farat ɗaya, zagaye sumul kamar kwabo, ko yana ɓarewa da ƙaiƙayi, wannan ba sanƙon gado ba ne, maganinsa daban. Amarya kuwa, ranar ɗaurin aure ai zanna bukar za ta gani.

Ɗan Misfala:
Na gode Baba, har na yi dariya. A hankali ya zo, ba farat ɗaya ba, kuma kawunnaina biyu duk kansu tal yake. Na sayi na kumfa yau bayan Isha, na sa abokin ɗakina ya ɗauki hoton tsakiyar kan don in gwada da na wata huɗu. Yaya direba, na safen nan kafin alwalar Asuba kake shafawa ko bayanta?