Jinkirin ƙosawar ƙwaƙwalwa: ɗana zai kamo sa'o'insa da kansa?

Jama'a, don Allah a taimaka min. Likita ya ce ɗana mai shekara 9 yana da ADHD, lalurar rashin natsuwa da yawan ƙiriniya. Ana cikin aikin makaranta sai ya miƙe, ya fiƙe fensir, ya dawo ya manta tambayar.

Wani bincike a Amurka a 2007 ya gano cewa gaban ƙwaƙwalwa, mai kula da tsari da kame kai, yana jinkirin ƙosawa da kusan shekara 3 a irin yaran nan. To in jinkiri ne kawai, zai kamo sa'o'insa da kansa? Likita ya rubuta masa wani maganin ADHD mai suna methylphenidate, amma na kasa fara ba shi, ina tsoron kada ya taɓa girman ƙwaƙwalwar. Masana, yaya abin yake?