Wa ya taɓa canja tsofaffin suwic na layin masana'anta? Ku zo mu ji yadda kuka ƙare

Ɗan Sharaɗa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da lantarki da na'urorin sarrafa injuna a wata masana'antar buhunan roba a Sharaɗa, nan Kano. Muna da PLC uku, wato kwamfutocin da ke sarrafa injuna, duka S7-300 na kamfanin Siemens, da kwamfutar SCADA ɗaya a ɗakin kula da muke sa ido kan layin da ita, da suwic biyar, wato akwatunan da kebul ɗin sadarwa ke haɗuwa a cikinsu, da suka haɗa su. Wasu sun haura shekara 15 a cikin fanel. Tun watan jiya ɗaya ya fara yanke magana da rana tsaka, daƙiƙa biyar ko goma ya dawo. Amma kafin ya dawo layi ya tsaya, roba ta daskare a cikin injin, sai mu kwashe awa biyu muna kankara. Oga ya amince a canja duka biyar ɗin a hutun Sallah, kwana biyu kacal aka ba ni. Wanda ya taɓa irin wannan aikin, don Allah ya faɗa min abin da ya same shi, ba abin da ke cikin takardar kamfani ba.

Na Kakuri:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, zauna ka ji nawa, don har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi.

A wurin da nake aiki a Kaduna mun cire wani tsohon suwic muka saka sabo fil, mai gigabit. Muka kunna, duk fitilu kore. Na aika fing, wato ɗan saƙon gwaji, zuwa kowace na'ura, kowa ya amsa. Muka sa hannu a takarda muka tafi gida. Washegari da aka fara aiki sosai, sikelin da ke auna kaya ya fara ɓacewa daga allo yana dawowa. Muka canja kebul, muka canja kan kebul, har muka fara zargin katin sikelin kansa, wanda ba mu da madadinsa a sito. Kwana uku muna wannan, manaja yana tsaye a kaina.

A rana ta uku na shiga cikin sabon suwic ɗin na duba lissafin kurakurai na kafar da sikelin yake, wato ramin da aka jona kebul ɗinsa. Karon saƙonni ne jibge. Ashe wanda ya fara haɗa layin, shekaru da yawa kafin na zo, ya ɗaure sikelin a kan gudun megabit 100 ful dufles, wato aikawa da karɓa lokaci guda, ya kuma ɗaure kafar tsohon suwic ɗin a kan haka. Sabon kuwa mun bar shi yana sasantawa da kansa. Ƙa'idar ita ce idan ɗaya ɓangaren bai yi sasanci ba, suwic zai gane gudun, amma zai faɗa haf dufles, wato magana bi da bi. To ɗaya yana magana yana saurare lokaci guda, ɗaya yana jiran a yi shiru kafin ya yi magana. Idan saƙo kaɗan ne ba za ka ga komai ba, shi ya sa fing ya ruɗe mu. Gyaran bai kai minti ɗaya ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, tsohon suwic ɗin yana nan a ajiye a kan benci duk kwana ukun, da saitin a cikinsa. Da na jona masa kebul na konsol tun farko na kwafe saitin, da ban sha wannan wahala ba. Kada ka zare ko waya ɗaya sai ka ɗauki hoton fanel, ka liƙa lamba a bakin kowane kebul ta ɓangarorin biyu, ka kuma kwafe duk abin da ake iya kwafewa.

Ɗan Sharaɗa:
Na gode Oga. Namu huɗu marasa saiti ne, jona ka tafi. Ɗaya ne kawai mai saiti, kuma ba wanda ya san kalmar sirrinsa.

'Yar Samaru:
Wannan ɗayan shi ne abin tsoro, Malam. Ni a kamfanin lemon kwalba na gamu da tawa, kayan Allen-Bradley ne a kan tsarin sadarwar EtherNet/IP. Tsofaffin katunan shiga da fita suna watsa saƙonsu ta maltikas, wato saƙo ɗaya zuwa ga rukunin masu saurare. Akwai suwic ɗaya a layin da yake tambayar kowa lokaci-lokaci wa ke son wane saƙo, shi ne ake kira kwiriya na IGMP. Ba wanda ya san shi ke wannan aikin. Muka cire shi. Sababbin sun zo da tsarin tace saƙon a kunne, wato suna miƙa shi ga wanda ya nema kawai, amma babu mai tambaya. Sai layi ya tashi lafiya, bayan minti huɗu da 'yan daƙiƙu komai ya faɗi. A sake kunnawa, minti huɗu ya sake faɗi. Daidaiton lokacin ne ya sa na gane ba lalacewa ba ce, agogo ne yake ƙarewa, wato daƙiƙa 260 ɗin da suwic ke jira kafin ya manta da mai saurare.

Naka Siemens ne, don haka wannan ba lallai ya same ka ba. Amma ka bincika ko akwai Profinet, tsarin sadarwar da kayan Siemens ke amfani da shi, a layin. Saƙonninsa na gaggawa suna ɗauke da tambarin fifiko mai lambar VLAN 0, kuma wasu suwic na ofis suna zubar da irinsu idan ba a saita su ba. Kada ka bari sashen saye ya kawo maka na ofis don ya fi araha.

Baba Mai Fanel:
Yara, ku bar ni in ja ku baya kaɗan. Wa ya ce suwic ɗin ne ya lalace?

Ɗana, ka ce da rana tsaka yake yi. Ka sa mita a kan wutar 24 bolt da ke ciyar da shi, ka tsaya a wurin da ƙarfe biyu na rana? Na yi shekara sama da 30 a wannan aiki, daga Bompai zuwa Challawa, tun zamanin S5, tsohon PLC na Siemens. Sau da yawa abin da ke mutuwa da fari shi ne fawa saflai, wato na'urar da ke ba da wannan wutar 24 bolt. Kafasitocin cikinsa masu ruwa ne, zafi yana busar da su a hankali. A watan Afrilu Kano tana kai digiri 40 a waje, to ina ga cikin fanel da ke rufe kusa da injin narka roba, ga ƙurar hunturu ta toshe matatar fanka tun Janairu? Na taɓa ganin an kashe kuɗi an canja suwic, bayan sati matsalar ta dawo, saboda sabon ma daga wannan gajiyayyen fawa saflai yake sha. Duk sanda aka juya daga wutar NEPA zuwa janareta sai ya durƙusa.

Ba na cewa kada a canja. Ina cewa a san cutar kafin a sayi magani. Kuma biyar a kwana biyu ya yi yawa ga mutum ɗaya. Canja biyu, ka bar tsofaffin a gefe da lambobinsu, yadda idan abu ya ƙi za ka mayar cikin minti goma.

Na Kakuri:
Baba ya yi gaskiya kan fawa saflai. Sai dai ranka ya daɗe, zaman jira ma yana da nasa haɗarin. Rockwell, mai kayan Allen-Bradley, ta daina ƙera PLC-5 tun 2017, Siemens kuma ta sanar da fara janye S7-300 a Oktoban 2023. Duk wanda ke da waɗannan kayan, gara ya fara sabunta hanyar sadarwar yanzu da sauran lokaci, da ranar da zai nemi kati a kasuwar 'yan gwanjo da dalar da ba ya da ita.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Nawa gajere ne. Tsakanin ɗakin kula da wurin famfunanmu akwai faiba tsohuwa, wato wayar gilashi mai kai saƙo da haske, maltimod 62.5, mai kai irin na ST da ake murɗawa. Sabon suwic ya zo da SFP na gigabit, wato ɗan abin da ake cusawa a suwic don jona faiba, mai kan LC. Kai bai shiga ba, kuma ko da mun sami abin haɗawa, na'urar da ke ɗaya ƙarshen megabit 100 kawai take ji. Faiba ba ta sasanta gudu kamar wayar tagulla. Muka mayar da tsohon, muka jira sati uku kafin SFP na 100 ya iso. Ka je ka ga ƙarshen kowace waya da idonka kafin ka rubuta odar kaya.

Kuma idan akwai kebul na tagulla da ya ratsa fili daga gini zuwa gini, wannan ce damarka ta mayar da shi faiba. Iyakarsa mita 100 ce dama, kuma tsawar damina ta cinye mana kafofi biyu a dare ɗaya ta irin wannan hanyar.

'Yar Samaru:
Ƙari ɗaya. Idan za ku yi zobe don in waya ta yanke a bi ta ɗaya gefen, kada ku rufe zoben sai kun saita manajan MRP tukuna, wato suwic ɗin da ke toshe gefe ɗaya don kada saƙo ya yi ta zagaye. Wani abokin aikina ya jona kebul na ƙarshe da wuri, saƙonni suka dinga zagaye ba tsayawa har duk PLC suka daina ji. Kuma kafofin da ba a amfani da su a kashe su. Sabon suwic mai kafa 16 yana jan hankalin masu son jona intanet ɗin ofis, alhali kwamfutar SCADA da yawa har yau Windows XP ce, wadda aka daina yi wa gyaran tsaro tun Afrilun 2014.

Ɗan Sharaɗa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, jiya na bi maganarka. Ƙarfe biyu da rabi mita ta nuna 24 tana sauka zuwa 19 duk lokacin da babul ɗin iska suka buɗe tare. Na saka wani fawa saflai daga sito, na wanke matatar fanka, yau kwana ɗaya bai yanke ba. Zan ci gaba da sa ido har ƙarshen mako.

Na koma wurin Oga mun daidaita a kan canja biyu a Sallar nan, sauran a ƙarshen shekara. Na fara liƙa lambobi. A fanel na uku na tarar da wani kebul ruwan toka a kafa ta 7, fitilarsa tana ƙiftawa, ya shige cikin bututu ya nufi bayan sito, kuma babu shi a zanen da aka bar mana. Gobe da safe zan bi shi. Oga Na Kakuri, wannan mai saitin da ba mu da kalmar sirrinsa, akwai hanyar da zan ga abin da ke cikinsa ba tare da na goge shi ba?