Ɗakin sanyi da sito a kasuwanninmu na Kano: wa ya taɓa gwadawa?

Mai kayan gwari, Yankaba: Salamu alaikum jama'a. Ana ta maganar gwamnati ta ba da fili, kamfani ya zuba kuɗi ya gina ɗakin sanyi mai sola, mu kuma mu riƙa biya kan kowane kiret. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana yadda ta kaya. Ni dai a watan Maris idan tumatirin Kadawa da Kura ya cika kasuwa, rana ta buɗe, kwando na sama ya danne na ƙasa, kafin la'asar sai dai ka karyar wa masu markaɗe ko ka yanka ka shanya.

Hajiyarku mai abincin sayarwa: Wa alaikumussalam. Ɗana, na gwada na wani kamfani, attaruhu da koren tattasai na ajiye, wallahi sun fito kamar yanzu aka tsinko. Matsalar ba sa karɓar kwando sai kiret na roba, kuma ɗakin ƙarami ne, manyan dillalai sun riga sun kama wuri tun asuba. Mace mai kiret biyu wa zai kula ta?

Dillali daga Dawanau: Hajiya gaskiyarki. Mu nan ba sanyi muke nema ba, sito muke so wanda ba ya yoyo, da sikeli na gaskiya, da titi. Damina tana sauka tirela ta maƙale a taɓo cikin layi, 'yan dako su ninka kuɗi, ga kuɗin mota da ya tashi tun cire tallafin mai a 2023, duk a kan buhun masara yake ƙarewa kuma mai siyan kwano ɗaya a unguwa shi ke biya. Wake kuma ƙwari, shi ya sa wasu ke zuba masa magani mai cutarwa, alhali buhun nan mai leda biyu a ciki yana kashe su ba magani. Da kamfani zai kawo shi bashi ta hannun ƙungiya da an huta.

Ɗan Sabon Gari: Mu mun ga amfanin haɗin gwiwa. Bayan gobarar 2016 aka kawo mana wutar sola, kamfani ne ya saka da goyon bayan gwamnatin tarayya, ƙarar janareta ta ragu sosai a layinmu. Amma ku tsaya a rubuta farashi da wanda zai yi gyara kafin a sa hannu.

Mai kayan gwari, Yankaba: To Alhaji na Dawanau, in ta hannun ƙungiya ne sai a ware wa masu ƙaramin jari kasonsu a rubuce, irin su Hajiya. Akwai ɗan 'Yan Lemo a nan? Ina son jin yadda kuke yi da lemon Binuwai idan mota ta kwana a hanya.